Alƙawarin biyayya ga jamhuriyar Ingila bayan yaƙin basasa

A shekara ta 1650 majalisar dokokin Ingila ta wajabta wa maza baligai yin alƙawarin biyayya ga sabuwar gwamnati domin tabbatar da zaman lafiya, to amma matakin ya fi cutar da tsoffin abokan majalisar a kan abokan gabanta.

A ranar 2 ga watan Janairun shekara ta 1650 ne majalisar ta zartar da dokar, wadda ta umarci dukkan maza 'yan shekaru 18 zuwa sama da su rattaba hannu kan wani gajeren alƙawari da ake kira Engagement da Turanci. Jimla ɗaya ce tak, inda mutum zai bayyana cewar zai riƙe amanar jamhuriyar Ingila kamar yadda aka kafa ta, wato ba tare da sarki ko majalisar masu sarauta ba.

Ƙasar dai ta tsunduma cikin yaƙin basasa ne a shekara ta 1642, sakamakon saɓani tsakanin sarki Charles na ɗaya da majalisar dokoki a kan haraji da addini da kuma iko da rundunar soja. Majalisar ce ta yi galaba, amma a watan Disamban 1648 sojoji a ƙarƙashin kanar Thomas Pride suka tare ƙofarta, suka hana wakilan da ke neman sulhu da sarki shiga. Ragowar wakilan ne suka kafa kotun da ta yanke wa sarkin hukuncin kisa, aka fille masa kai a bainar jama'a a birnin Landan a ranar 30 ga watan Janairun 1649. A watan Maris aka soke sarauta da majalisar masu sarauta, sannan a watan Mayu aka ayyana jamhuriya.

Sabbin mahukuntan sun san cewar da ƙarfin soja suka hau mulki, saboda haka suke buƙatar wata shaida a rubuce cewar jama'a na tare da su. Tun a gida aka fara samun cikas. A watan Fabrairun 1649 fiye da rabin wakilai 41 na majalisar zartarwa suka ƙi yin rantsuwar da za ta nuna amincewarsu da kisan sarki, cikinsu har da babban kwamandan soja Thomas Fairfax, lamarin da ya sa dole aka sassauta lafazinta. Wannan ne ma ya sa alƙawarin da aka gabatar daga baya bai taɓo maganar abin da ya wuce ba, kuma babu sunan Ubangiji a cikinsa. A watan Oktoba aka ɗora shi kan 'yan majalisa da hafsoshin soja da lauyoyi da malaman jami'a, kafin a game ƙasa baki ɗaya. Duk wanda ya ƙi sa hannu zai rasa muƙaminsa, kazalika ba shi da ikon shigar da ƙara a kotu, ko da bashi yake bi ko an ƙwace masa gona.

Waɗanda abin ya fi ƙona wa rai su ne mabiya ɗariƙar Presbyterian, waɗanda suka yaƙi sarki a ɓangaren majalisa. A shekara ta 1643 majalisar da kanta ta sa su yin rantsuwa da sunan Allah a kan wata yarjejeniya da aka ƙulla da Sikotilan, wadda ta ƙunshi alƙawarin kare ran sarki da martabarsa. Tambayar da suke yi ita ce, ta yaya wanda ya ɗaga hannu ya rantse jiya zai warware rantsuwarsa yau, don kawai masu mulki sun canja? Shahararren mai wa'azi Richard Baxter ya hori jama'arsa a garin Kidderminster da kada su sa hannu. A jami'ar Oxford, Edward Reynolds ya rasa shugabancin kwalejin Christ Church a shekara ta 1651, yayin da a Cambridge aka kori malamai da dama, cikinsu har da wani matashi mai suna William Sancroft.

A ɗaya hannun kuma, da yawa daga magoya bayan sarauta, waɗanda tun farko dominsu aka kafa tarkon, sun rattaba hannu ba tare da wani ɓata lokaci ba domin tsirar da dukiyoyinsu, bisa hujjar cewar alƙawarin dole ba ya ɗaure mutum. Wasu kuma suka yi wa kalmomin fassarar da ta yi musu daɗi. John Lilburne, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin talakawa, ya sa hannu tare da bayanin cewar shi a wurinsa jamhuriya na nufin al'ummar Ingila ne, ba mutanen da ke zaune a majalisa ba.

Taƙaddamar ta haifar da ƙasidu masu tarin yawa. Francis Rous, wani ɗan majalisa, ya kafa hujja da Littafi Mai Tsarki cewar halal ne a yi biyayya ga hukumar da ke kan gado, ko da ba ta hanyar halal ta hau ba. Marchamont Nedham ya rubuta cewar da kaifin takobi ake kafa kowace gwamnati, ko da yake shi kansa ba da jimawa ba ya fito daga kurkuku saboda jaridar da ya riƙa wallafawa ta goyon bayan sarki. Shi kuwa masanin falsafa Thomas Hobbes, a littafinsa Leviathan na shekara ta 1651, cewa ya yi biyayya tana tafiya ne tare da kariya, wato wanda ke kare ranka shi ya cancanci ka bi shi. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan hujjoji na masu kare gwamnatin ba su ce mata halaltacciya ba, iyakaci dai sun ce ita ce ke da ƙarfi.

Kuma ƙarfin ne ya yi aiki. Nasarorin da Oliver Cromwell ya samu a Dunbar a shekara ta 1650 da Worcester a 1651 su ne suka kawo ƙarshen barazanar magoya bayan sarauta. A watan Afrilun 1653 Cromwell ya shiga majalisar da sojoji ya kore ta, sannan a watan Janairun 1654 gwamnatinsa ta soke dokar alƙawarin. Bayan wani bore da bai yi nasara ba a shekara ta 1655, sai aka koma karɓar takardun lamuni na kuɗi daga tsoffin magoya bayan sarki a matsayin jinginar zaman lafiya.

Da aka mayar da sarauta a shekara ta 1660, sabuwar majalisa ta fito da nata jerin rantsuwoyi, ta kuma ba da umarnin ƙone yarjejeniyar 1643 a bainar jama'a. William Sancroft, wanda aka kora daga Cambridge, ya ɗaukaka har ya zama babban limamin cocin Ingila a Canterbury, amma a shekara ta 1689 ya ƙi yin mubaya'a ga sarki William da sarauniya Mary saboda rantsuwar da ya riga ya yi wa sarki James na biyu, abin da ya kai ga tuɓe shi daga muƙaminsa.