AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ana Iya Ƙara Kaya Cikin Faifan Da Ke Tayar Da Kwamfuta?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Shinkafi, ya rubuto yana cewa kwamfutarsa ta ƙi tashi, alhali lissafin bashin da yake bin mutane duk yana ciki. Wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda ya tayar masa da ita da faifan CD, ya ciro lissafin. Shi ne yake tambaya, wane irin faifai ne wannan, kuma zai iya zuba takardunsa a ciki?

To Alhaji, mun gode da wasiƙa. Shi dai wannan faifai yana ɗauke ne da babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, galibi Linux. Idan an saka shi, kwamfutar sai ta ƙyale rumbun ajiyarta da ya rikice, ta tashi daga faifan. Wani Bajamushe, Klaus Knopper, shi ya fito da irinsa mai suna Knoppix a shekarar 2000, Ubuntu kuma ya zo a 2004. Duka kyauta ne.

Amma fa faifan nan kamar buhu ne da aka riga aka ɗinke bakinsa. Duk abin da ka rubuta yayin aiki yana zama ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, da zarar an ɗauke wuta ko ka kashe, shi ke nan ya tafi. Mai son ƙara kaya sai ya farke ɗinkin. Wato a kwafo hoton faifan, wanda ake kira ISO, a buɗe shi, a sa takardun, sannan a sake haɗa shi a buga a sabon faifai. A nan masu gyara da yawa kan yi tuntuɓe: su kwashe fayilolin kawai su zuba a wani faifan, su bar ɗan ɓoyayyen sashen da ke umurtar kwamfuta ta tashi. Sai a ga komai na nan, amma ba ta tashi. Idan kuwa sabuwar manhaja ake son dasawa a ciki, aikin ya fi haka, domin an danne kayan ne cikin dunƙule guda, sai an kwance. Masu Ubuntu na da wata manhaja, Cubic, mai yin wannan. A lura kuma, CD megabayit 700 kacal yake ci, DVD gigabayit 4.7, Ubuntu na yanzu kuwa ya fi ƙarfin duka biyun.

Mu a ganinmu, kada ka wahalar da kanka da faifai. Ƙura da zafin rana na lalata shi, sabbin kwamfutoci ma ba su da wurin saka shi. Ka sayi filashi mai gigabayit 16 ko fiye, a sa masa Ventoy, wadda ta fito a 2020. Daga nan sai a jefa ISO ɗin ciki, takardunka su zauna gefensa, ka ƙara ka rage yadda ka so. Sai dai sa Ventoy yana share duk abin da ke cikin filashin, a kwashe tukuna. Wajen tayarwa, a danna F12 a Dell, F9 a HP.

Mutanen Zurmi da Shinkafi ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara, wanda ya ajiye lissafinsa a intanet ya rasa hanyar duba shi. Filashi ba ya neman sabis. Amma duk wanda ya tsince shi zai ga mai kuɗi da mai bashi, ga kuma halin da hanyoyinmu ke ciki. Don haka a kulle takardun da kalmar sirri, a yi filashi biyu, ɗaya ya kwana a gida.