Labarin Tsohuwar Bindigar Soja Da Aka Sake Wa Bututu

Ku sani, ya ku masu karatu, bindigar nan mai sakata wadda samarinmu suka saɓa a yaƙin Bama, Turawan Ingila suna kiranta Lee-Enfield, harsashinta kuwa .303. A ja sakata kwanso ya faɗi, a tura wani ya shiga, har goma. To, a shekarar 1954 ƙasashen ƙawancen NATO suka daidaita a kan harsashi ɗaya, watau 7.62, daga baya Ingila ta ba sojanta bindiga mai ɗura kanta. Sai tsofaffin suka cika rumbu, ga ƙarfe lafiyayye, amma abincinsu yana ƙarewa.

Waɗanda abin ya fi damu su ne ma'abota gasar harbi ta Bisley a Ingila. Gasa ce mai asali: an fara ta a Wimbledon a 1860, Sarauniya Victoria ce ta yi harbin farko, aka mai da ita Bisley a 1890. A zagayen ƙarshe mutum yakan kwanta rub da ciki ya auna allo daga yadi 900 da yadi 1000, watau fiye da rabin mil. Al'adarsu kuwa a wancan zamani su yi harbi da irin harsashin da soja ke riƙe da shi. Da soja ya sake, ya zama dole su sake, sai suka zaɓi a kwance tsohon bututu a ɗaura sabo a jikin samfurin da ake kira Lamba 4.

Wanda bai sani ba zai ce ai kamar sake wa fartanya ƙota ne. Ba haka ba ne. Kaurin ƙwayar .303 kashi 311 ne cikin dubu na inci, ta 7.62 kuwa kashi 308. Kashi uku kacal, abin da ido ba ya rarrabewa, amma 'yan kasuwa sun san mudun da ya gaza da kaɗan bai cika ba. Har wa yau kwanson .303 yana da leɓe a gindinsa, shi ke tsai da shi a mazauninsa, alhali kuwa na 7.62 ba shi da leɓen da ya fito waje, da kafaɗarsa yake tsayawa. Saboda haka ƙugiyar da ke fizgo kwanso ita ma sai an sake ta. Akwai kuma ratar da ke tsakanin fuskar sakata da kwanso: in ta yi yawa kwanso yana iya tsagewa, iskar albarushi ta komo fuskar maharbi, in ta yi kaɗan sakata ta ƙi rufuwa. A ganina nan hikimar maƙeran Lamba 4 ta bayyana, domin sun yi kan sakata iri-iri, daga lamba 0 zuwa 3, kowane ya ɗara ɗan'uwansa tsawo, sai a zaɓi wanda ya dace.

Juyin farko, wanda soja suka kira L8, bai gamsar ba, domin siririn bututu aka sa, harbi ya riƙa warwatsuwa. Sai aka koma ga bututu mai kauri, tsawonsa ya ɗara inci 27, aka datse katakon gaba don kada ya taɓa shi ya ɓata masa saiti in ya yi zafi. Wannan ya haifi L39A1 ta 'yan gasar soja, da Envoy ta farar hula, da L42A1 ta gwanayen harbin soja a 1970, wadda ta je yaƙin Falkland a 1982.

Saura magana ɗaya, ita ce ta rai. Sabon harsashi ya fi tsohon matsi, don haka ba a amince da tsohon samfurin Lamba 1 ba. Indiya ma da ta so shi da 7.62, sabo ta ƙera da ƙarfe mafi ƙarfi a Ishapore tun daga 1963. A dokar Ingila kuwa ba a sayar da bindigar da aka sake wa bututu sai ta je gidan gwaji na Landan ko na Birmingham. Can ake harba ta da harsashin da aka ƙara wa ƙarfi da gangan, ba kowa a kusa. In ta jure, a duba ta, a buga mata hatimi. A jikin waɗanda aka juya ɗin nan akan ga 19T, watau tan 19 a kan kowane inci murabba'i.