Ko Kun Sani? Kyamara Ɗaya, Aiki Biyu

Ko kun san cewa a Linux, muddin wata manhaja ta kama kyamarar kwamfuta tana ɗaukar bidiyo, ta biyu ba ta samun shiga? Saƙon da za ta samu shi ne kyamarar, wadda galibi ake kira /dev/video0, tana kan aiki. To, mai son ganin fuskarsa yana naɗa fa? FFmpeg, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2000, ta magance wannan cikin sauƙi. Sau ɗaya take karɓar hoton, sai ta raba shi gida biyu: ɗaya ya shiga fayil, ɗayan ta miƙa wa manhajar ffplay ya fito a allo. Layin umarni guda ya wadatar, kuma manhajar kyauta ce.