Nasiha Ga Mai Gida Idan Ya Tashi Sayen Tayar Mota

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya hore wa ɗan Adam abin hawa, tun daga jaki da doki da raƙumi har zuwa ga mota. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatun wannan fili, maganarmu ta yau a kan tayar mota ce, watau yadda mai gida zai zaɓi wadda za ta biya shi kuɗinsa idan ta ƙafar motarsa ta suɗe.

Wani zai ce ai wannan magana ce ta direbobi da makanikai. A da haka ne, sa'ad da mota ta ke ta sarki da attajiri da En'e. Yau kuwa malamin makaranta da ɗan kasuwa da ma'aikacin ofis duk suna da ita, kuma a cikinta a kan zuba uwargida da yara a tafi garinsu Salla, ko biki, ko ta'aziyya. To, ku sani, motar nan da nauyinta da na mutanen da ke ciki, wuri huɗu kaɗai ta ke taɓa ƙasa, kowane wuri kuwa faɗinsa kamar tafin hannun babban mutum ne. Birki da sitiyari ta nan su ke aiki. In wurin nan ya saki hanya, gwanintar direba ba ta da abin da za ta kama.

DALILIN DA GWANJO YA CIKA KASUWA

Tun farkon shekarun 1960 a ke yin taya a cikin Nijeriya. A da kamfanin Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma yana da tasa a Ikeja ta Ikko. Michelin ya rufe a shekara ta 2007, Dunlop ya bi bayansa a 2008. Daga nan tayar ƙaramar mota ta koma hajar da a ke shigowa da ita daga ƙetare, kuɗinta yana bin kuɗin dala, in ta hau ya hau. Da sabuwa ta yi wa talaka nisa, sai ya juya ga wadda a ke kira gwanjo ko tokumbo, watau wadda mutanen Turai da wasu ƙasashe su ka ci moriyarta su ka yar. Hukumar Kwastan ta sa tsohuwar tayar ƙaramar mota cikin kayan da a ka hana shigowa da su, amma ga ta nan jibge a bakin hanya a kowane birni.

Abin da ya sa al'amarin ya fi tsanani a ƙasarmu shi ne zafi. Taya roba ce da waya da zare a ka haɗa su ka manne, zafi kuwa shi ne babban abokin gabar wannan manni. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato da Maiduguri ya kan haura digiri 40, na kwalta kuma ya fi haka nesa. Ga gudu, ga kaya, ga tafiya mai tsawo kamar daga Kano zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600. A shekara ta 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan shida da rabi a Amurka, domin zanensu yana ɓantarewa ana cikin gudu, an kuma yi hasarar rayuka masu yawa. Da a ka bi sawu, sai a ka ga abin ya fi aukuwa a wurare masu zafi, kamar kudancin Amurka da Sa'udiyya da Benezuwela. In zafi ya iya tona aibin tayar da a ka saya sabuwa, ina ga wadda ta tsufa tun kafin ta ƙetaro teku?

TAYA TANA ƊAUKE DA SHAIDARTA

Kowace taya akwai rubutu a gefenta, wanda masana'anta ta zuba tare da robar. Haruffan boko ne da lambobi irin na jikin takardar Naira. Wanda bai iya boko ba, ya tafi da ɗansa ɗan makaranta, ko ya rubuta waɗannan alamu a takarda ya gwada su da na jikin tayar.

Na farko shi ne girma. Za ka ga rubutu kamar haka: 195/65 R15 91H, wanda shi ne na motocin gida da yawa irin su Corolla. 195 faɗin tayar ne da milimita. 65 yana nufin tsayin gefenta kashi 65 ne cikin ɗari na faɗin. 15 girman wilin ne da inci. 91 alamar nauyi ce, ma'anarta taya ɗaya tana ɗaukar kilo 615. Harafin ƙarshe na gudu ne: T kilomita 190 a sa'a, H 210, V 240. Girman da ya dace da motarka yana rubuce a wata 'yar takarda a dokin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, ko a littafin motar. Kada ka yarda a ce maka "wannan ma za ta shiga". Shiga daban, dacewa daban, kuma kada lambar nauyi ta kasa wadda masu motar su ka rubuta, balle ga motar da a kan cika da iyali da buhun tsaraba.

Na biyu shi ne ranar haihuwarta. Ka nemi haruffa uku, DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka tarar da lamba huɗu, galibi a cikin ɗan zagaye. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekara ta 2021. Sau da yawa a fuska ɗaya kaɗai a ke buga ta, saboda haka in ba ka gani ba ka juya tayar. In lamba uku ka gani, wannan kafin shekara ta 2000 a ka yi ta, ko kyauta a ka ba ka kada ka ɗora iyalinka a kai.

Dalilin duba wannan shi ne, roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Ta kan bushe, ta yi tauri, ta tsattsage, kamar salkar da a ka rataye a rana. Kamfanin Michelin ya ce in taya ta shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara, in ta cika goma a cire ta ko zanenta bai ƙare ba. Kamfanin mota na Ford ya ce shekara shida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya, wadda a ka kafa a 1988, ta fi su tsanantawa, ta kan yi gargaɗi da shekara huɗu. Ko wanne ka bi, ka gane cewa kowace shekara da taya ta yi a kanti, daga cikin rabonka a ka cire ta. In za ka sayi sabuwa, ka nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu ba.

Na uku shi ne jure zafi. Tayoyi da yawa suna da kalmar TEMPERATURE, da harafi a gabanta, A ko B ko C. A ta fi jurewa, C ita ce ta ƙasa. Ga hanyoyinmu ka nemi A, in ba ka samu ba B. Kusa da ita akwai TRACTION, watau kama jiƙaƙƙiyar hanya, daga AA zuwa A, B, C, wannan kuwa da damina a kan san amfaninta.

LISSAFIN ARHA DA TSADA

Hausawa sun ce arha ba ta ado. Bari mu auna maganar da alƙalami. Abin da ka ke saye a jikin taya shi ne zurfin zanenta, watau ramukan nan da ke kore ruwa su kama ƙasa. Sabuwar tayar ƙaramar mota zurfin zanenta wajen milimita 8 ne. Iyakar da dokar ƙasashen Turai ta yarda a hau ita ce milimita 1.6, kuma masu yin taya sun sa wasu 'yan tudu a cikin ramukan daidai wannan awo. Ranar da zanen ya yi daidai da tudun, tayar ta gama aikinta. Ashe abin da za ka ci a sabuwa milimita 6.4 ne.

To, a ƙaddara ka sami gwanjo mai saura milimita 4, wadda a ido ta ke da kyan gani. In ka cire 1.6, abin da ya rage maka 2.4 ne, watau kashi uku cikin takwas na ran sabuwa. In an sayar maka da ita rabin kuɗin sabuwa, ka biya rabi ka karɓi abin da bai kai rabi ba. Kafin maƙwabcinka ya cinye sabuwarsa ɗaya, kai ka kusa cinye gwanjo uku, ban da ladan mai faci na cirewa da sawa, da kwanan hanya in ta fashe. Wannan lissafin kuma mun yi shi ne a kan tayar da ba ta da wani aibi ɓoye.

Aibin ɓoye kuwa yana da yawa. Akwai wadda a ka yi tafiya da ita ba iska har wayar ciki ta karye, waje kuwa lafiya lau. Akwai wadda a ka yi wa faci a gefe, inda faci ba ya riƙewa. Akwai suɗaɗɗiya wadda a ka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi, a ka shafe ta da baƙin mai, saura ƙiris a kai ga waya. Akwai kuma tayar ƙanƙara, wadda a ka yi domin sanyin Turai da roba mai taushi. Alamarta hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, zanenta kuma cike da ƙananan tsage-tsage. Ta kan burge mai saye don zanenta mai zurfi, amma a kwaltar bazara cinyewa ta ke yi da sauri, birki kuma ba ya kama ta yadda ya kamata. Har cikin sababbi akwai abin lura, domin wasu masu shigo da kaya su kan cusa taya uku ko huɗu cikin ɗaya don rage kuɗin dako, bakinsu ya lanƙwashe. Hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya ta sha kama irin waɗannan. In ka ga bakin sabuwar taya ya karkace ko ya buɗe fiye da na 'yan'uwanta, ka bar ta.

WACCE ZA A SAYA

Sababbin tayoyi hawa uku ne. Akwai na manyan kamfanoni, kamar Michelin na Faransa, da Bridgestone na Japan, da Continental na Jamus, da Goodyear na Amurka, da Pirelli na Italiya. Suna da kyau, suna da tsada. Akwai na tsakiya, kamar Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu, da Maxxis na Taiwan. Sa'an nan akwai masu arha, yawancinsu daga ƙasar Sin, cikinsu da na kirki da na banza. Ga mai gida wanda tafiyarsa kasuwa ce da makarantar yara da zuwa gida lokaci lokaci, ta tsakiya sabuwa, mai sabon kwanan wata, mai girman da ya dace, ita ce ta fi biyan kuɗinta. In ƙarfinsa bai kai nan ba, sabuwa mai arha wadda sunanta ya zauna a kasuwa, direbobin haya kuma su ka shaide ta, ta fi tsohuwa mai babban suna. Ka tambayi direban da ke bin hanyar da ka ke bi, shi ya san wadda ta ke kai shi shekara. Ka saya a kanti mai mazauni, ka karɓi rasit, domin ka san inda za ka koma.

In kuɗin huɗu bai samu ba, ka sayi biyu iri ɗaya, ka sa su a baya, ka mai da masu dama-dama gaba. Mutane da yawa suna yin akasin haka. Amma masu yin taya sun yi ittifaƙi a kan baya, domin in gaba ya zame a ruwa direba yana jinsa a sitiyari ya rage gudu, in kuwa baya ne ya zame, motar juyawa ta ke yi da shi. Kada kuma a haɗa girma biyu dabam a gaba, ko a baya.

Wanda lalura ta tilasta masa gwanjo, to, ya duba kwanan watan, ya sa a cire ta daga wili ya leƙa cikinta da fitila, ya shafa da hannu ko akwai faci ko garin roba, ya duba gefe ko akwai kumburi ko tsaga. Sa'an nan ya san matsayinta, ta yawon cikin gari ce. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

BAYAN AN SAYA

Taya mai kyau ta kan mutu da wuri a hannun mai sakaci. Awon iskar da motarka ke bukata yana jikin takardar nan ta dokin ƙofa. Lambar da ke jikin tayar kanta iyaka ce wadda ba a ƙetarewa, saboda haka kada mai faci ya cika ta har can, kada kuma ya auna da bugun ƙarfe. A auna da ma'auni, da safe kafin tayar ta yi zafi, sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya, har da safaya. Ƙarancin iska ya kan sa gefen taya ya yi ta lanƙwasa yana tara zafi har ta fashe, ga shan mai. In ka sa sababbi, ka sa a canja bawul, a daidaita ƙafafun motar, don kada gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗaya. A yi wannan tun saura mako guda a tashi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma masu sayarwa, ku tuna malaman fiƙihu sun yi bayani a babin ciniki cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa in ya gano. Wanda ya kankare kwanan watan taya, ko ya yanka wa suɗaɗɗiya sabon zane ya sayar, ya sani ribar 'yan Nairori ya ci a kan rayukan mutanen da bai san adadinsu ba. In an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali yana tare da riƙon sababi, kuma iyali amana ce a wuyan mai gida.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowane matafiyi gidansa lafiya, ya sa albarka a abin da mu ka saya da abin da mu ka sayar, amin. Haza wasalam.