Masu Gudun Madara Iri Biyu Ne

Mu a Kankiya da Kusada ba a raba mu da fura da nono. Amma akwai waɗanda madara ba ta karɓe su ba, kuma ba matsala ɗaya ke damunsu ba.

Wani in ya sha, sai ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, har zawo. Sukarin madarar ne, wato laktos, cikinsa ya kasa narkarwa. Sau da yawa yakan sha kindirmo kaɗan lafiya lau, gama tsami ya rage sukarin. Madarar kanti marar laktos ma ta shanu ce, sukarin kawai aka narkar.

Wani kuwa, musamman ƙaramin yaro, furotin ɗin madarar ne jikinsa ya ƙi: borin jini, kumburin leɓe, amai, numfashi ya sarƙe. Wannan yana iya kisa, sai asibiti nan take. Kindirmo, man shanu, nonon akuya, har waccan ta kanti, duk ba nasa ba ne. Koko ko kunun aya tsantsa za a ba shi.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, ranar girkin Kirsimeti, a tambayi uwar yaro kafin a zuba man shanu a miya.