Hana Yaro Mai Galahanga Cin Alkama: Me Bincike Ya Nuna?

Duk uwar da ke rainon yaro mai galahanga ta san yawan shawarwarin da ake kawo mata. Wannan ya ce ruƙiyya, wancan ya ce sassaƙe. Yanzu kuma wata ta shigo ta wayoyin hannu: a daina ba yaron duk abin da aka yi da alkama, wasu ma su haɗa da madara, wai bakinsa zai buɗe, hankalinsa ya kwanta.

Abin da ake gudu a cikin alkama shi ne gulutin, sinadarin da ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Akwai shi a sha'ir ma. Burodi, taliya, gurasa, alkubus, fanke da biskit duk suna ɗauke da shi.

Maganar ta samo asali ne daga hasashe. A 1979 wani masanin ƙwaƙwalwa a Amurka, Jaak Panksepp, ya ce wataƙila galahanga na da alaƙa da yawaitar wasu sinadarai masu aiki irin na ƙwayar maye a jiki. Likitan Norwe, Kalle Reichelt, ya ɗora a kai da cewa ragowar gulutin da furotin na madara da ba su narke ba ne ke ratsa hanji su kai ƙwaƙwalwa. Zancen ya yi daɗin ji, iyaye a Turai da Amurka suka rungume shi tun kafin a gwada.

Da aka gwada, bai tsaya ba. A binciken da Susan Hyman ta jagoranta a Jami'ar Rochester, wanda aka wallafa a 2016, an cire wa yara 14 masu shekara 3 zuwa 5 alkama da madara, sannan aka riƙa ba su ɗan abin taɓawa sau ɗaya a mako, wani da gulutin ko madara a ɓoye, wani babu. Iyaye da masu lura ba su san wanne ne wanne ba. Ba a ga bambanci a ɗabi'a ko barcin yaran ba. Yaran ba su da yawa, gaskiya ne, amma tun 2013 hukumar NICE ta Birtaniya ta ce kada a yi amfani da irin wannan tsarin abinci don magance ainihin alamomin galahanga. Mu ma muna da abin dubawa a gida: gero, dawa, masara, shinkafa da acha ba su da gulutin ko kaɗan, kuma yaran da suka tashi da tuwo da kunu ba su tsira daga wannan lalura ba.

To me ya sa wasu iyaye ke rantsuwa sun ga sauyi? Ba ƙarya suke yi ba. Yaro yana girma, kulawa ta ƙaru, an rage alewa da biskit. Ga kuma matsalar ciki, musamman taurin bayan gida, da ta fi yawa a irin waɗannan yara. Wanda ba ya iya cewa cikinsa na ciwo sai ya nuna da kuka da buga kai, in cikin ya lafa kuma sai a ga kamar ya sauya. Akwai ma cutar siliyak, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 100, inda gulutin ke lalata bangon hanji. Mai ita dole ya bar alkama har abada, ko yana da galahanga ko ba shi da ita.

Haɗarin yana wajen yaron da dama abinci biyu ko uku kawai yake yarda ya ci. In aka ƙwace masa burodi da nono ba tare da madadi ba, rama da raunin ƙashi ne za su biyo baya.

Idan yaronku na yawan gudawa, kumburin ciki ko ƙarancin jini, ku kai shi wurin likitan yara a yi gwajin siliyak kafin ku cire alkamar, domin in an riga an daina ci gwajin ba ya nuna gaskiya. Kuɗin fulawar waje marar gulutin mai tsada kuwa, gara a kashe su wajen masu koyar da magana.