Gasar Waƙoƙin Turai: Yaya Za A Yi Adalci Wajen Ba Da Maki?

Kowace shekara, cikin watan Mayu, mutane fiye da miliyan 150 sukan zauna gaban akwatunan telebijin domin kallon gasar waƙoƙin da ake kira Eurovision. Ƙungiyar gidajen rediyo da telebijin ta Turai, watau EBU, mai mazauni a birnin Geneva, ita ce ke shirya ta. Kowace ƙasa takan aiko da waƙa guda wadda ba ta wuce minti uku ba, kuma bisa al'ada ƙasar da ta yi nasara ita ke karɓar baƙuncin gasar baɗi. Ribar ba ƙarama ba ce. A nan ne duniya ta fara sanin mawaƙan ABBA na ƙasar Suwidin a 1974, a nan ne kuma Céline Dion ta ciyo wa Suwizalan kambi a 1988 da ratar maki ɗaya tak. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ya kasance gardamar da ta fi daɗewa a tarihin gasar ita ce ta yadda ake ba da maki, da kuma wanda ya cancanci ya bayar.

Tushen matsalar a fili yake. A gasar tsere agogo ke raba gardama, a wasan ƙwallo kuwa raga. Amma waƙa ba ta da ma'auni sai kunnen mai ji, shi kuwa mai ji yana da ƙasa, da harshe, da maƙwabta, da waɗanda yake so da waɗanda ba ya so.

Zamanin alƙalai

An fara gasar a 1956 a garin Lugano na Suwizalan da ƙasashe bakwai. Kowace ƙasa ta aiko da alƙalai biyu, suka jefa ƙuri'a a asirce, kuma an yarje musu su zaɓi waƙar ƙasarsu. Luksambur ba ta aiko da nata ba, sai ta wakilta alƙalan Suwizalan su zaɓa a madadinta. Suwizalan ce ta ci, ba a kuma taɓa bayyana makin kowa ba. Tun daga shekara mai zuwa aka hana ƙasa zaɓen kanta, aka kuma riƙa faɗar maki a bainar jama'a.

Duk da haka rigima ba ta ƙare ba. A 1963, a London, wakilin Norwe ya karanto makinsa ta waya ba bisa tsari ba, aka ce a dawo gare shi daga baya. Da aka dawo sai makin ya sauya, har ya sa Denmak, maƙwabciyar Norwe, ta wuce Suwizalan da maki 42 da 40. A 1969 kuma, a Madrid, ƙasashe huɗu, watau Sifen, Ingila, Holan da Faransa, suka yi kunnen doki da maki 18 kowaccensu. Babu dokar raba gardama, sai aka ce duk sun ci. Haushin wannan ya sa Finlan, Norwe, Suwidin da Fotugal suka ƙaurace wa gasar 1970.

A 1975, a Stockholm, aka fito da tsarin da ya zama tambarin gasar: kowace ƙasa ta jera waƙoƙi goma da ta fi so, ta ba ta farko maki 12, ta biyu 10, ta uku 8, sauran kuma daga 7 zuwa 1. Wannan ya rage kunnen doki, amma bai kawar da shi ba. A 1991, a Rum, Suwidin da Faransa suka tashi da maki 146 kowacce. Dokar lokacin ta ce a ƙirga wadda ta fi samun maki 12, aka tarar huɗu huɗu ne. Aka koma kan maki 10, Suwidin ta yi rinjaye. Da dokar da aka kafa daga baya aka bi, wadda ke duba yawan ƙasashen da suka ba da maki, da Amina, mawaƙiyar Faransa haifaffiyar Tunisiya, ita za ta ɗauki kambin.

Zamanin wayar tarho

An daɗe ana zargin alƙalai da cewa ba su san abin da matasa ke saurare ba. Don haka a 1997 ƙasashe biyar, watau Ostiriya, Jamus, Suwidin, Suwizalan da Ingila, suka gwada barin 'yan kallo su zaɓa ta wayar tarho, a 1998 kuma kusan kowa ya bi sahu. Aka ɗauka an sami maganin son kai. Ashe an gudu ne ba a tsira ba.

Ba da jimawa ba aka lura da cewa wasu ƙasashe kusan kullum junansu suke ba maki mafi yawa: Girka da Kubrus, Romaniya da Moldoba, ƙasashen arewacin Turai, da waɗanda suka fito daga tsohuwar Yugoslabiya ko Tarayyar Sobiyet. A 2007, a Helsinki, ƙasashe 28 suka shiga zagayen share fage, goma ɗin da suka haye kuwa duk daga gabashi da kudu maso gabashin Turai suke. Ƙasashen yamma suka yi ta gunaguni, har Terry Wogan, wanda ya shafe shekaru yana yi wa masu kallon Ingila sharhin gasar, ya ajiye aikin bayan gasar 2008.

Ya kamata mai karatu ya rarrabe abubuwa uku da aka saba haɗawa wuri guda. Na farko shi ne kusancin harshe da al'ada. Mutumin Kubrus da na Girka harshensu ɗaya, mawaƙan da suke saurare a rediyo ɗaya ne, ba kuwa laifi ba ne mutum ya so kiɗan da kunnensa ya saba da shi. Na biyu shi ne ƙuri'ar mazauna ƙetare. Shekaru da dama Turkiyya ta riƙa samun maki masu yawa daga Jamus, Faransa, Holan da Beljiyam, inda Turkawa ke zaune da yawa. Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar wasu ya san yadda zuciya ke yi in ta ji waƙar gida, kuma mai irin wannan shauƙi zai buga waya sau ashirin, alhali ɗan ƙasa ya buga sau ɗaya ko bai buga ba sam. Na uku shi ne siyasa tsagwaronta. A 2009 an ba da labarin cewa jami'an tsaron Azarbaijan sun kira wasu 'yan ƙasar da suka zaɓi waƙar Armeniya suka yi musu tambayoyi, abin da ya sa EBU ta ƙarfafa dokar kare asirin masu jefa ƙuri'a.

Raba iko gida biyu

Gyara na farko ya zo a 2008, lokacin da aka raba zagayen share fage gida biyu, aka kuma rarraba ƙasashen da suka saba zaɓen juna don kada su taru wuri ɗaya. A 2009, a Mosko, aka dawo da alƙalai: mutum biyar masana kiɗa a kowace ƙasa, makinsu rabi, na 'yan kallo rabi. Ba kowa ya ji daɗi ba. Turkiyya ta janye daga gasar 2013, tana mai kukan wannan tsari da kuma gatan da aka ba manyan ƙasashe biyar masu biyan kuɗi mafi yawa, na zarcewa zagayen ƙarshe kai tsaye.

A 2016 aka daina cakuɗa makin ɓangarorin biyu, kowanne ya riƙa ba da nasa daban. Nan take saɓaninsu ya fito fili. Alƙalai suka fifita Ostireliya, wadda aka fara gayyata a 2015, 'yan kallo suka fifita Rasha, amma Yukren, wadda ta zo ta biyu a wajen kowane ɓangare, ita ta ci da maki 534. Mawaƙin Polan ya sami maki 7 kacal daga alƙalai, da 222 daga 'yan kallo. Da tsarin bara aka bi, da Ostireliya ce ta ci. Haka kuma a 2023, a Liverpool, 'yan kallo suka ba Finlan maki 376, Suwidin 243, amma alƙalai suka ba Suwidin 340, Finlan 150, sai Loreen ta Suwidin ta ci karo na biyu, jama'ar zauren suna ta kiran sunan mawaƙin Finlan.

Kowane ɓangare yana da irin nasa rauni. Alƙalai biyar ba su da wuyar haɗa baki. A 2022, a Turin, EBU ta soke makin alƙalan ƙasashe shida, watau Azarbaijan, Jojiya, Montenegro, Polan, Romaniya da San Marino, bayan ta ga yadda suka fifita juna ya wuce abin da za a ce katari ne. 'Yan kallo kuwa ba a iya saye su ɗaya bayan ɗaya, amma ana iya tara su da talla. A 2025, a Basel, Isra'ila ta sami maki 60 daga alƙalai da 297 daga 'yan kallo, ta zo ta biyu bayan Ostiriya. Gidajen telebijin na Sifen, Beljiyam, Ailan da wasu suka nemi a yi bayani ko a binciki ƙuri'un, ganin cewa wata hukumar gwamnatin Isra'ila ta biya kuɗin tallace-tallace a intanet na kiran mutane su zaɓi waƙar. EBU ta ce ƙuri'un sahihai ne. Duk da haka a watan Nuwamba na 2025 ta ba da sanarwar sababbin dokoki: an rage ƙuri'un da mutum zai jefa ta kowace hanyar biya daga 20 zuwa 10, an ƙara alƙalan kowace ƙasa daga biyar zuwa bakwai, biyu daga cikinsu 'yan shekara 18 zuwa 25, an dawo da alƙalai zagayen share fage bayan an cire su a 2023, an kuma ƙuntata wa gwamnatoci shiga yaƙin neman ƙuri'a.

Abin da ya rage

Akwai shawarwarin da har yanzu ake tafka muhawara a kansu. Wasu na ganin mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ya kamata, domin ko goma aka bari, mai kuɗi da mai zafin kishi sun fi sauran murya. Wasu na son a rage kason alƙalai ƙasa da rabi. Wasu kuma na tambaya, don me San Marino mai mutane wajen 34,000 za ta ba da maki daidai da Jamus mai fiye da miliyan 80? Amma in aka auna maki da yawan jama'a, ƙananan ƙasashe sun zama 'yan rakiya ke nan, gasar kuwa tun asali ta ƙasashe ce, kowacce da kujerarta. Tun 2023 ma an ba masu kallo na ƙasashen da ba sa cikin gasar, a Afirka da Asiya da Amurka, damar zaɓa ta intanet, ana tara ƙuri'unsu duka a lissafa su kamar na ƙasa guda.

In aka duba tarihin nan gaba ɗaya, za a ga cewa gyaran da ya fi amfani shi ne na bayyana komai a fili. Tun 2014 ake buga sunayen alƙalai da yadda suka jera waƙoƙi, kuma irin waɗannan alƙaluma ne suka tona abin da ya faru a 2022. Abin da gidajen telebijin da dama ke nema shi ne a yi wa ƙuri'ar 'yan kallo haka, a faɗi mutum nawa suka zaɓa a kowace ƙasa, da yawan waɗanda suka zuba ƙuri'unsu duka kan waƙa ɗaya.

Har wa yau ya kamata a tuna cewa maƙwabtaka takan ɗaga waƙa daga ƙasa zuwa tsakiya, amma ita kaɗai ba ta cika kai ta sama ba. Fotugal maƙwabciya ɗaya gare ta, ta kuma yi shekaru fiye da hamsin tana shiga gasar ba nasara. A 2017 Salvador Sobral ya rera wata waƙa mai sanyi da harshen ƙasarsa, alƙalai da 'yan kallo duka suka sa shi a gaba, ya tashi da maki 758. Ingila ma, wadda ba ta sami ko maki ɗaya ba a 2021, ta zo ta biyu a 2022. Tsarin ƙuri'a ba zai cire son zuciya daga kunnen ɗan Adam ba. Aikinsa shi ne ya hana son zuciyar wani ɓangare ya rinjayi kowa, ya kuma bar ƙofa a buɗe ga irin waƙar da Girka da Norwe da Fotugal za su ji, kowacce ta ce ta yi.